Jarrabawar adabin Amurka ta matso, haddar jigo kaɗai zai fisshe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, jarrabawa saura sati biyu kuma wallahi hankalina a tashe yake. An ba mu The Great Gatsby, Huckleberry Finn da The Grapes of Wrath, ko ɗaya ban gama ba. Ƙawata ta ce in sayi handaut in haddace jigogin kawai, wai Gatsby ai labarin soyayya ne da yadda talaka ya zama attajiri. In bi shawararta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, kwantar da hankalinki, sati biyu sun isa in kin rage waya.

Littafin Mark Twain, Huckleberry Finn, ki riƙe wurin da Huck ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, bawan da suka gudu tare a kogin Mississippi, sannan ya yaga ta duk da an koya masa cewa taimakon bawa zunubi ne. Bauta da lamiri, duk a nan suka haɗu. Na Steinbeck kuwa, The Grapes of Wrath, 1939, iyalin Joad ne fari da banki suka kora daga gonarsu a Oklahoma, suka nufi Kalifoniya suka tarar da ƙwadago na kuɗin da bai kai na abinci ba.

To amma maganar ƙawarki ita ta dame ni, don kullum sai na ci karo da ita a takardun ɗalibai, kai ka ce baki suka haɗa, kuma duk daga masu buga handaut ɗin nan ne da ba su taɓa buɗe littafin ba, su kwafo taƙaitawa a intanet su sayar wa yara. Wai darasin Gatsby shi ne ka dage za ka yi kuɗi! Haba. Fitzgerald ya fitar da littafin a 1925, lokacin da aka haramta giya a Amurka, kuma ta fasa-ƙwaurin giya Gatsby ya tara dukiyarsa. Sunansa na yanka ma James Gatz, ɗan talakawan manoma, ya canza suna ya ƙirƙiro wa kansa asali, ya sayi katafaren gida yana tara mutane ana shagali don kawai Daisy, tsohuwar budurwarsa, ta leƙo. Da aka zo gaba da gaba, mijinta Tom, wanda ya gaji arziki tun kaka da kakanni, ya tona shi, ita kuma ta koma wa mijinta. Daisy ce ke tuƙi aka take Myrtle, farkar Tom, Gatsby ya ɗauki laifin, mijin Myrtle ya harbe shi, Tom da Daisy suka tattara kayansu suka bar gari ko gaisuwa babu. Duk taron masu cin abincinsa, 'yan tsiraru ne suka je jana'izarsa, ciki har da mahaifinsa da Nick, maƙwabcinsa mai ba da labarin. Wannan ne za ki rubuta min cewa nasara ce? Burin nan na Amurka cewa kowa zai iya hawa sama, shi marubucin ke tuhuma, yana nuna miki masu tsohon kuɗi sun rufe ƙofa.

Ku ji tsoron Allah masu handaut, kuɗin iyayen yaran nan kuke ci kuna kayar da su. Ke kuma, Gatsby babi tara ne kacal, ki fara da shi yau, ki karanta na 7 da na 9 sau biyu da biro a hannu.