Rajistar ƙarfen zaro bututu: kada ka fara tallata shi

Malam, ka ce kai mai walda ne a Ƙofar Ƙaura, ka ƙera ƙarfen da ke shiga cikin bututun rijiyar burtsatse da ya karye, ya buɗe haƙora ya cafke shi daga ciki a jawo shi sama, kana neman yadda za ka hana a kwaikwaye ka.

Da farko, kada ka sa bidiyonsa a Facebook ko TikTok. Dokar rajistar ƙirƙira ta 1970 ta ce sai abu sabo ne ake ba shi kariya, kuma abin da ka riga ka baje wa jama'a ya tashi daga sabo.

Sannan ka bincika Google Patents, shafin intanet da ke nuna ƙirƙire-ƙirƙiren da aka riga aka yi wa rajista. Kamo bututu daga ciki tsohuwar dabara ce. Masana'antu sun daɗe suna zaro bututun tukunyar tururi da irin wannan kamu. Sabon naka watakila yana cikin yanayin haƙoran ne, ko yadda suke sakin bututun. Nan za ka zana dalla-dalla, da awon kowane ƙarfe.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, kuma NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, na taimaka wa masu ƙirƙira shigar da takardu. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗi duk shekara, kuma iyakarta Najeriya. Wani a Maraɗi ya ƙera irinsa, ba ka da ta cewa.

A sani, ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya duba ko abin sabo ne. Rikici in ya taso, Babbar Kotun Tarayya ce ke raba gardama.