Mun ba yaro maganin antibayotik sau biyu bisa kuskure: me za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni uwa ce a unguwar Hindawiyya, Makka. An rubuta wa ɗana mai shekara 3, mai nauyin kilo 14, amoxicillin na ruwa mai ƙarfin miligiram 250 a cikin mililita 5, ya sha mililita 5 sau uku a rana. Na ba shi da safe na fita, sai kakarsa ta sake ba shi cike da cokalin cin abinci, ba ta san ya sha ba. Ya yi gudawa sau biyu. Shin ya cutu, kuma in daina ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Hankalinki ya kwanta, domin lissafin bai nuna haɗari ba. Cokalin cin abinci yana ɗaukar kusan mililita 15, wato miligiram 750, kuma idan aka haɗa da 250 na safe ya zama 1,000. Idan aka raba wa kilo 14, kowane kilo ya sami kimanin miligiram 71. Likitocin yara kan ba da miligiram 80 zuwa 90 ga kowane kilo a rana guda idan ciwon kunne ya yi tsanani, sai dai a rarrabe ake bayarwa. Amoxicillin ba ya daɗewa a jiki, domin ƙoda mai lafiya tana rage rabinsa a jini cikin kusan awa ɗaya. Gudawa, tashin zuciya da amai su ne abin da aka fi gani.

Duk da haka, ban so ki tsaya kan maganata kaɗai, tunda ban ga yaron ba. Ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, kwalbar tana hannunki, ki faɗi sunan maganin, ƙarfinsa, nauyin yaron da lokacin da ya sha, su kuma su gaya miki yaushe zai sha na gaba. Kafin nan ki yawaita ba shi ruwa, kuma idan gudawar ta ci gaba ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti. Kada a zura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa mai ko madara don ya yi amai. Wannan al'ada tana damuna ƙwarai, saboda aman na iya shiga huhu ya jawo abin da ya fi maganin illa.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan leɓe ko fuska ta kumbura, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso, ko numfashi ya yi wuya, wannan jiki ne ya ƙi maganin, kuma hakan na iya faruwa ko da bisa ƙa'ida aka sha. A kira motar ɗaukar marasa lafiya ta 997 nan take. Haka kuma idan ya yi jijjiga, ko fitsari ya ragu sosai ko ya fito da jini, ko aka ga jini a gudawa. Ki kuma sani wannan sassauci na amoxicillin ne a jikin mai lafiyar ƙoda. Wasu magungunan antibayotik, kamar azithromycin da clarithromycin, suna iya taɓa bugun zuciya, don haka ba a auna su da wannan ma'auni.

Game da dainawa kuwa, kada ki daina da kanki. Ki ci gaba har ranakun da likita ya rubuta su cika, sai idan shi ne ya sauya. Kuma kada ki ajiye ragowar don ƙaninsa idan ya yi mura, domin mura bairos ke kawo ta, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. Shan sa ba bisa ƙa'ida ba shi ke koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa, har wani bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019. Saboda wannan bijirewa ne tun 2018 Saudiyya ta tsananta hana saidaliyya, wato kantin magani, sayar da antibayotik ba tare da takardar likita ba.

Kakarsa ba ta yi laifi ba, ƙauna ce ta sa. A gidajenmu masu yawan jama'a kowa yana son ya taimaka, to gyaran shi ne mutum ɗaya ya riƙe maganin. Ki karɓi sirinjin awo a saidaliyya ki bar cokalin gida, ki riƙa duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba, domin akwai mai 125 akwai mai 250 kuma kwalayensu kan yi kama. Sannan ki manna takarda a ƙofar firji, duk wanda ya ba shi ya rubuta lokacin kafin ya mayar da murfin.