Amsa ga tambayar amosanin gaɓɓai da guringuntsi

Malama, kin tambaya daga Gusau yadda jikin mahaifiyarki zai yaƙi gaɓɓansa kamar yadda likita ya ce, da ko taɓa ruwan sanyi ne ya jawo mata. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ruwan sanyi ba shi ne sanadi ba. A wannan nau'in amosanin, wanda likitoci ke kira rheumatoid arthritis, garkuwar jiki ce take ƙera sinadaran kariya waɗanda, maimakon su nufi ƙwayoyin cuta, sai su kama sassan jikin mai su. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi an gina shi galibi da furotin kolajin nau'i na 2, kuma a wasu majinyata ana samun sinadaran da ke manne wa wannan kolajin, su jawo fararen ƙwayoyin jini cikin gaɓa, kumburi ya tashi, guringuntsin ya riƙa zaizayewa. A 1977 masu bincike a Amurka sun yi wa ɓeraye allurar wannan kolajin, gaɓɓansu suka kumbura. Sai dai a ɗan Adam ba kowane majinyaci ke da sinadaran da ke manne wa kolajin ba, shi ya sa likitoci suka fi dogara da gwaje-gwajen jini na RF da anti-CCP, masu gano wasu sinadaran kariya na daban.

Idan yatsun hannayenta biyu suna sandarewa da asuba har riƙe buta ya gagare ta, kada a tsaya ga diclofenac na kemis, domin yana kwantar da zafi ne kawai, ɓarnar kuwa tana ci gaba. A koma wurin likita a tambayi batun methotrexate, maganin da ke rage ɓarnar, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da gwajin jini akai-akai.