Kafin ka sayi ƙaton dish: amsoshi ga masu son kamo siginar kumbo

Wasiƙun wannan makon duk sun taru a kan abu ɗaya, wato kayan rediyon da mutum zai harhaɗa da hannunsa ya kamo siginar kumbon da aka aika duniyoyi masu nisa. Na taƙaita tambayoyin don a samu wurin amsa.

Wani mai karatu ya ce: “An yi mini tayin tsohon dish na raga mai faɗin mita 3. Burina in ji Voyager 1. In saya?”

Ɗan'uwa, mu fara sauke Voyager daga kanka, domin wannan dish ba zai kai ka can ba. Wannan kumbo na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ya tashi a 1977, yanzu ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, kuma ƙarfin na'urar aika saƙonsa wajen wat 23 ne kacal. NASA kanta da faranti mai faɗin mita 70 take sauraronsa a Goldstone da Madrid da Canberra. Gaskiya ne masu sha'awar rediyo sun taɓa kama shi, amma duba da me suka yi: ƙungiyar AMSAT-DL ta Jamus ta yi haka a 2006 da dish mai mita 20 a Bochum, masu aikin sa kai a Dwingeloo ta ƙasar Holan kuma suka yi a 2024 da mai mita 25. Ba a bayan ɗaki ake kafa irin waɗannan ba.

Shi kansa dish ɗin, ka je da ma'auni kafin ka je da kuɗi. Kumbon nesa galibi suna aiko da saƙo ne tsakanin megahaz 8400 da 8450, zangon da ake kira X (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo ne, haz miliyan ɗaya ke nan). Tsawon igiyar rediyo a nan bai fi santimita 3.6 ba. Idan ramukan ragar sun wuce milimita 3 ko 4, sigina zai riƙa zurarewa ta ciki, kuma hayaniyar ɗumin ƙasa ta bayan dish ɗin za ta riƙa shigowa. Idan farantin ya lotsa ko ya karkace fiye da milimita 2 a wurare da yawa, girman nasa ya zama na ado. Ka ɗaure zare biyu daga baki zuwa baki su gitta juna a tsakiya. In sun taɓa juna a hankali, bakin a daidaite yake. In akwai rata tsakaninsu, ka yi wa mai shi godiya ka juyo.

Ko da lafiyarsa ƙalau, akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Duk girman dish, duk ƙanƙantar wurin da yake kallo a sama. Mai mita 3 a wannan zango bai cika ganin digiri ɗaya ba, sama kuwa tana juyawa digiri ɗaya duk minti huɗu. Ke nan cikin minti uku kumbon ya fice, sai ka sake saiti, alhali ba ka ma tabbatar ka same shi tun farko ba. Irin wannan dish yana son mota mai juya shi da ma'aunin kusurwa mai kyau, da ginshiƙin da iska ba za ta girgiza ba, kuma kuɗin waɗannan yakan ninka na farantin. Ni da zan zaɓa maka, sai in ce ka nemi dish na ƙarfe mara raga mai mita 1.2. Yana ganin wajen digiri biyu, hannu ma yana iya juya shi. Da irinsa mutane suna kama STEREO-A, kumbon NASA mai nazarin rana da aka harba a 2006, a kusa da megahaz 8443. Ana kuma samun Mars Reconnaissance Orbiter na NASA da Tianwen-1 na ƙasar Sin idan duniyar Mars ta matso, abin da ke faruwa duk wata 26. Wannan matsowar tana da tasiri ƙwarai: nisan Mars yana kaiwa daga wajen kilomita miliyan 56 zuwa miliyan 400, kuma sigina yana raguwa kusan sau hamsin tsakanin biyun. In ka ƙware a kan ƙaramin, mai mita 3 zai zama ƙari mai amfani, tunda duk ninka faɗi sau biyu yana ninka abin da ake tarawa sau huɗu.

Wani kuma ya tambaya: “LNB ɗin talabijin ba zai yi ba? Ai shi ma daga sama yake kamowa.”

Ba zai yi ba. LNB, wato na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, an ƙera shi ne don megahaz 10700 zuwa 12750, kuma maƙogwaronsa ya yi ƙunci, igiyar 8400 ba ta iya bi ta ciki. Wasu gwanaye suna farke shi su sake masa matata da ƙaho, wato bututun da ke karɓar siginar da dish ya tara, amma wannan aikin wanda ya riga ya mallaki kayan awo ne. Sai dai kada ka jefar da shi. Tauraron ɗan'adam na Es'hail-2, wanda Katar ta harba a 2018, yana ɗauke da na'urar masu sha'awar rediyo da ake kira QO-100, tana sauko da sigina a wajen megahaz 10489. LNB na gama-gari yana mayar da shi 739, inda ƙaramar rediyon kwamfuta, wato SDR, ke ji. Tauraron ba ya motsi a idon mai kallo, yana kuma rufe Afirka da Turai da wani ɓangare na Asiya. A kansa za ka koyi saita dish, ka kuma ga da idonka yadda sigina ke yawo idan rana ta dumama LNB.

Tambaya ta uku ita ce wadda na fi so a yi mini: “Kuɗina ba su da yawa. In sayi SDR mai tsada irin HackRF, ko in fara da RTL-SDR in zuba sauran a wani wuri?”

Fara da RTL-SDR, Malam. Duk cikinsu babu mai jin 8400 kai tsaye. RTL-SDR yana tsayawa wajen megahaz 1700, HackRF kuma a 6000. Dole ne a sa na'urar da za ta sauko da zangon ƙasa: a haɗa siginar da ta osileta (na'urar da ke samar da igiya tsayayyiya) mai 8000, sai 8430 ya koma 430, inda mai arha da mai tsada duk suke ji. Tunda abin da kake nema siririn layi ne guda, faɗin megahaz 2.4 na RTL-SDR ya ishe ka.

Inda ya kamata kuɗin su tafi shi ne amfilifaya ta farko, wadda ke manne da ƙahon dish, wato LNA. Duk abin da aka rasa kafin ita ya tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da shi daga baya. Ga yadda lissafin yake. Ana auna hayaniyar na'ura da digirin Kelvin, kamar zafi. Sama a wannan zango sanyi gare ta, 'yan digiri kaɗan ne. LNA mai adadin hayaniya desibel 1 (desibel ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne) tana ƙara wajen 75, mai rabin desibel kuma wajen 35. To ɗan guntun waya da mahaɗi mara kyau da za su ci rabin desibel kafin LNA, su ma 35 suke ƙarawa. Wato mutum zai biya kuɗi mai yawa ya sayi amfilifaya ta ƙwarai, sannan ya ɓarar da ribar da taƙi ɗaya na kebul. Ka ɗaura ta a jikin ƙahon kai tsaye, ka rufe ta daga ruwa da raɓa. Kuma kada ka gaskata kowace lamba da ka gani a tallan kasuwar intanet. Wadda aka rubuta tana aiki daga megahaz 50 har 10000 da hayaniya kusan sifili, na mai ganin komai ce da ba ta ƙware a komai ba. Nemi wadda aka ƙera musamman don 8400, mai takardar awo.

Na biyu shi ne agogo, kuma a nan ne sababbi suka fi faɗuwa. Dabarar kama sigina mai rauni ita ce ƙuntata taga. Idan ka saurari faɗin haz 1000, hayaniyar haz 1000 za ka kwasa. Idan kwamfuta ta yanka shi zuwa haz ɗaya ɗaya, hayaniyar kowace taga ta ragu sau dubu, siginar kuwa tana nan da ƙarfinta a taga guda. Amma sharaɗin shi ne ta zauna a cikin tagar. Osileta mai kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan, wadda a rediyon gida abin yabo ce, a nan ta kauce da haz 8400, kuma tana tafiya da zafi da sanyi. Saboda haka ka sayi agogon megahaz 10 da GPS ke yi wa linzami, ana kiransa GPSDO, ka tabbata na'urar sauko da zangon tana da ƙofar karɓarsa. Idan mai sayarwa bai ambaci wannan ƙofa ba, to babu ita. Ka kuma tambaya ko akwai matata kafin wurin da ake haɗa sigina da osileta, domin in babu, hayaniyar zangon 7570 za ta faɗo daidai kan siginarka ta ninka maka shuu ɗin sau biyu.

Wani dattijo da ya ce ya shekara talatin yana gyaran rediyo ya tambaya ko ƙahon ma sai an saya.

Baba, wannan kam hannunku ya fi kasuwa. Bututun tagulla na masu aikin famfo mai milimita 28 yana ɗaukar igiyar 8400 lafiya lau. A toshe ƙarshensa da faifan tagulla a like da dalma, a huda gefe a sa ƙaramin mahaɗin kebul da ake kira SMA da ɗan tsinke mai tsawon wajen milimita 8 yana leƙawa ciki. Abin lura ɗaya ne: siginar kumbo tana zuwa ne tana murɗawa kamar igiya, galibi ta hannun dama. Tsinke shi kaɗai rabinta zai kama, sai an sa abin da zai warware murɗin, ko dai ɗan allon Teflon a karkace cikin bututun, ko a ɗan matse bututun a tsakiya. Ku tuna kuma dish madubi ne, abin da ya zo ta dama yana komawa ta hagu bayan ya bugi farantin. Wanda ya manta da wannan zai gina ƙaho mai kyan gani wanda ya toshe kunne daga ainihin abin da ake nema. Ku yi shi yadda za a iya juya allon, a gwada ɓangarorin biyu.

“Mako uku ina nema ban ga komai ba. In ƙara girman dish?” in ji wani.

Kada ka sayi ko ƙusa tukuna. Juya dish ɗin ka kalli wani fili a sama inda babu komai, ka rubuta matakin hayaniya, sannan ka juya shi ga rana. Dole matakin ya tashi da desibel da dama. In bai tashi ba, matsalar tana cikin kayanka, kuma ƙaton faranti ba zai gyara ta ba. Da ranar ce kuma za ka gano ko ma'aunin kusurwarka yana faɗin gaskiya, ka matsa ƙahon gaba da baya har ka sami inda ya fi ji. Ka dai kula da dish mai ƙyalli, yana iya tara zafin rana ya narka murfin ƙaho.

In rana ta amsa, sai a duba lokaci. Kumbo ba gidan rediyo ba ne da ke watsa shiri dare da rana. Da yawansu sai sun juyo da eriyarsu sun fuskanci duniya suke magana, a lokacin da wata tasha ke jiransu. Shafin DSN Now na NASA yana nuna wanda ake sauraro a wannan sa'a, shafin Horizons na JPL, wata cibiyar NASA, kuma zai ba ka kusurwar kumbon daga inda kake da saurin da yake matsowa ko nisanta. Wannan saurin shi ne mabuɗi. Kowace kilomita ɗaya a daƙiƙa tana gusar da sigina da kilohaz 28, don haka lambar da ka karanta a littafi ba a nan za ka same ta ba. Juyawar duniya kaɗai tana iya kai ta sama ko ƙasa da kilohaz 13. Kumbon da ke zagaya Mars cikin ƙasa da awa biyu yana lilo da kusan kilohaz ɗari kowane gefe, sannan ya ɓace ɗif idan ya shiga bayan Mars, ya sake ɓullowa.

Kuma kada ka sa ran jin murya ko ganin hoto. Abin da zai fito a allo siririn zare ne mai karkata a hankali. Layin da ya miƙe sak bai motsa ba, daga cikin gidanka yake, ko kwamfuta ko caja. Gwajin mai sauƙi ne: kawar da dish ɗin digiri biyar. In layin ya ɓace, ya dawo da ka mayar, kuma karkatarsa ta yi daidai da lissafin Horizons, ka kama. Wani lokaci za ka ga ya yi tsalle farat ɗaya zuwa wani wuri. Ba kayanka ne suka lalace ba, tashar ƙasa ce ta fara aika masa sigina, shi kuma ya kulle nasa da nata.

Ta ƙarshe daga wata malamar kimiyya ce, tana son abin da ɗalibanta za su iya haɗawa cikin zangon karatu ɗaya, tana kuma tambayar ko sai da lasisi.

Malama, ki sauko zangon S, tsakanin megahaz 2200 da 2300. Igiyar a nan santimita 13 ce, saboda haka dish na raga ma ya wadatar, saiti ba ya wahala, ƙahon kuma 'yar waya ce da za a naɗe kamar sifirin. Kumbon da ke zagaya wata, irin su Lunar Reconnaissance Orbiter, a nan suke magana, ga shi kuwa yara suna ganin wata da idonsu, ba sai an yi lissafin inda za a duba ba. Ki sa matata mai kyau, domin Wi-Fi yana maƙwabtaka a 2400, kuma ki zaɓi SDR da ke kaiwa can, kamar ADALM-Pluto. A wannan zangon ne wani mai sha'awar rediyo ɗan Kanada, Scott Tilley, ya ci karo da tauraron IMAGE na NASA a Janairun 2018, bayan ya yi shiru tun 2005 har an fid da rai da shi.

Batun lasisi, a ƙasashe da yawa saurare kawai ba ya buƙatarsa, amma dokoki sun bambanta, sai ki tambayi hukumar sadarwa ta ƙasarki kafin a kafa dish. Aika sigina a waɗannan zanguna kuwa haramun ne ga kowa in ba hukumomin da aka ware wa ba. ADALM-Pluto na iya aikawa, don haka ki rufe wannan ƙofar tasa da murfi kafin ki miƙa wa ɗalibai.