Da me ake auna nasarar sabon kasuwanci a binciken ilimi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, ina rubuta kundina a kan matasan da suka buɗe sana'a a Kano cikin shekara uku da suka wuce. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku, ya ce ban faɗi da me zan auna nasara ba. Ni a tunanina riba ce kawai. Da me masu bincike suke aunawa, kuma wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Malaminki ya yi miki gata, domin a nan ne yawancin kundayen wannan fanni suke samun rauni. Riba tana cikin ma'aunan, amma sabon kasuwanci yakan yi wata da watanni bai mayar da uwar kuɗi ba alhali yana kan hanya mai kyau, wani kuma ya ci riba a farko ya rufe kafin shekara ta zagayo. Shi ya sa masu bincike suke haɗa abubuwa: ɗorewa, riba, ciniki da yawan ma'aikata.

Ɗorewa ita ce mafi sauƙin gani, ko dai shagon yana nan ko ba ya nan. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi 20 cikin 100 na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kuma kusan rabi ne ke kai shekara 5. Sai dai rufewa daban, karyewa daban. A 2003 wani mai bincike, Brian Headd, ya duba bayanan Amurka ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka rufe sun ce kasuwancin yana tafiya daidai a lokacin da suka rufe shi. A wajenmu ma haka abin yake. Yarinya mai yin cincin da dambun nama ta yi aure ta koma wani gari, saurayi mai gyaran waya ya samu aikin albashi, wani ya sayar da rumfarsa ya koma noman rani. Idan kika rubuta su duka a matsayin waɗanda jarinsu ya karye, kin yi wa alƙalumanki illa. Akwai kuma mai zaune a shago shekara huɗu yana cin uwar kuɗi, bai tashi ba ne kawai don ba shi da inda za shi. Ɗorewarsa ba nasara ba ce.

Riba kuwa wahalarta a wajen samo ta take. Mai ƙaramar sana'a ba ya ajiye littafin lissafi, aljihun shago da aljihun cefane ɗaya ne, kuma da ya ga baƙuwa da takarda da biro sai haraji ya faɗo masa a rai. Ɗalibai da yawa suna ganin dabara ita ce su tambayi ciniki, su tambayi kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya, sannan su ɗebe da kansu. An gwada wannan a Siri Lanka. Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun wallafa sakamakon a 2009: tambayar mutum kai tsaye nawa ya rage masa a watan jiya bayan ya biya komai ta fi ba da amsa mai kusa da gaskiya, kuma masu sana'ar sukan rage cinikin da suke faɗa da wajen kashi 30 cikin 100. Dalilin a fili yake. Hajar da aka saro a wannan wata ba lallai a wannan wata a sayar da ita ba, ga bashin da aka bayar bai dawo ba, sai lissafin ɗebewa ya nuna asara inda babu ita. Don haka ki yi tambayar kai tsaye, ki kuma tambayi abin da aka ɗauka daga shago aka kai gida. Kar ki tsaya a ziyara ɗaya. Telan da kika samu a goman ƙarshe na azumi ba shi ne telan da za ki samu wata biyu bayan babbar salla ba.

Ciniki yana da tarkon da ya shafe mu ƙwarai a yanzu. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda cinikinsa na wata ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 1.2 a irin wannan shekara zai ce miki an samu ci gaba, alhali hajar da yake fitarwa raguwa ta yi. Dole ki daidaita alƙaluman da ma'aunin farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko ki tambayi adadin kaya: buhu nawa, yadi nawa, kaji nawa.

Yawan ma'aikata shi gwamnatoci suka fi so, kuma ya fi kuɗi saurin tunawa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, tana kiran kamfani mai saurin bunƙasa idan ya fara da ma'aikata 10 ko fiye, ya riƙa ƙaruwa da sama da kashi 20 cikin 100 a shekara har shekara uku. Wannan ma'auni ba zai yi miki aiki ba, tun da yawancin mutanenki su kaɗai ne ko da yaro ɗaya. Abin da za ki kula da shi shi ne bambanta mai albashi da yaron shago da ke jiran sallama daga ubangidansa, da ƙanin mai shago da ke taimakawa bayan makaranta.

Misali mafi kusa da ke shi ne shirin YouWiN!, gasar tsarin kasuwanci ta matasa da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar a 2011. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, 1,200 suka samu tallafin da matsakaicinsa ya kai wajen dala 50,000. Abin da ya ba binciken ƙarfi shi ne an zaɓi 729 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'ar sa'a a tsakanin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, don haka aka samu waɗanda za a kwatanta su da su. McKenzie ya bi sawun ɓangarorin biyu. Bayan shekara uku, cikin kowane mutum 100 na masu neman buɗe sabon kasuwanci da ƙuri'ar ta faɗa kansu, an samu ƙarin 37 da ke gudanar da kasuwanci, da ƙarin 23 masu ma'aikata 10 ko fiye, a kan waɗanda ba su ci ba. Daga baya shi da Dario Sansone suka nuna cewa makin da alƙalai suka bai wa tsare-tsaren kasuwancin bai iya hasashen wanda zai yi nasara ba. Wannan ya isa ya sa ki yi hattara da takardar tambayoyin da ke cewa mutum ya bai wa kasuwancinsa maki daga 1 zuwa 5. Ra'ayi ne kike tattarawa, kuma ɗan kasuwarmu ko yana cikin wane hali "alhamdulillahi" zai ce miki. Ki iya saka ta don sanin gamsuwarsa, amma kar ta zama ita ce ma'auninki.

Shawarata ki ɗauki uku: ɗorewa tare da dalilin rufewa, ribar wata da aka daidaita da farashi, da ma'aikata masu albashi. Ki rubuta ma'anar kowanne a babi na uku kafin ki fita.

Abin da ya fi damuna a tsarinki shi ne inda za ki samo mutanen. Idan kika shiga Kantin Kwari ko Farm Centre yau kika zaɓi waɗanda suka buɗe shekara uku da suka wuce, waɗanda suka tsira kaɗai za ki gani, kuma duk halin da kika samu a wajensu za ki ɗauka shi ne sirrin nasara, alhali mai yiwuwa waɗanda suka rufe ma suna da shi. Ki nemi jerin sunaye na tun farko: rajistar wata cibiyar koyon sana'a ta wancan lokaci, littafin ƙungiyar 'yan kasuwa, ko masu ba da hayar shaguna. Ki bi kowa a jerin, har wanda ya bar gari. A ziyarar farko ki karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani ɗan'uwansa, da izininsa, sannan ki bayyana a kundin mutum nawa kika nema ba ki same su ba.