Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Kifin Cin Gansakuka da Hayayyafarsa a Jos

Tambaya: Malam, ina zaune a Rayfield, ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60. Ina son ƙananan kifayen nan dangin tarwada masu cinye gansakuka, kuma burina su hayayyafa a hannuna. Mai shago ya nuna mini iri uku: wani ɗan mitsitsi da ya kira oto, da wani mai tsirai a hanci, da kuma wani mai araha da ya kira fileko. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, ka sayi mai tsirai a hanci, wato wanda masana ke kira Ancistrus. Zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla, domin a wajen wannan zaɓi ne mafi yawan masu fara kiwon nan suke asarar kuɗinsu.

Dukansu ukun 'yan gida ɗaya ne da ake kira Loricariidae, asalinsu kogunan Kudancin Amurka. Jikinsu na lulluɓe da sulke mai tauri, bakinsu kuma a ƙasa yake, da shi suke manne wa gilashi ko dutse suna kankare abin da ya tsiro a kai. Amma kamannin da kake gani a shago na ƙuruciya ne kawai. Wanda aka ce maka fileko, galibi Pterygoplichthys ne, kuma ko da yake yau bai wuce tsawon yatsa ba, yana iya kaiwa santimita 40 ko fiye. Akwatinka ba zai ɗauke shi ba, ba ya kuma hayayyafa a gilashin cikin gida, saboda a daji ramuka yake haƙawa a gaɓar kogi ya yi ƙwai a ciki. Arahar tasa ba riba ba ce. Ka kuma kula da wani siririn kifi da ake sayarwa da sunan mai cin gansakuka na Sin, wanda ba ma dangin tarwada ba ne. Idan ya girma yakan rage cin gansakuka, ya koma bin sauran kifaye yana tsotsar jikinsu.

Shi oto, cikakken sunansa Otocinclus, ba ya wuce santimita 4 zuwa 5, kuma wajen tsaftace ganyen tsirrai ba tare da ya yage su ba babu kamarsa. Ina ƙaunar wannan kifi ƙwarai, amma ba zan ba wanda bai taɓa fitar da 'ya'yan kifi ba shawarar ya fara da shi ba. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa daga daji aka kamo su, suna isowa a jigace, kuma ko ƙwararru sukan daɗe kafin su ga ƙwai.

Ancistrus kuwa yana tsayawa a santimita 10 zuwa 13, an daɗe ana hayayyafa shi a gidaje har ya saba da rayuwar gilashi, kuma bambance namiji da mace ba ya buƙatar gwaninta. Namiji idan ya balaga, tsiran nama masu rassa suna fitowa a saman hancinsa har tsakiyar kai; mace kuwa ko dai ba ta da su, ko 'yan gajeru ne a gefen leɓe. Idan ka sami manya, ka sayi namiji ɗaya da mace ɗaya, domin maza biyu a lita 60 faɗa za su yi ta yi a kan wurin kwana. Idan ƙanana ne da ba a gane jinsinsu ba, ka ɗauki huɗu ko biyar ka raina, daga baya ka zaɓi biyu ka ba da sauran. Lita 60 ita ce mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi ga namiji da mace, kuma da a ce za ka sami mai lita 80 zuwa 100 da ya fi, saboda kifi ne mai yawan kashi.

Abin da zai sa su yi ƙwai shi ne kogo. Ba sai ka sayi na kanti ba: ka je wurin mai ginin tukwane ya yi maka bututun yumɓu da aka gasa, tsawon santimita 12 zuwa 15, a toshe ƙarshensa ɗaya, bakinsa kuma ya ɗan fi faɗin jikin namijin kaɗan. Guntun gora ko bututun ruwa na roba shi ma yana yi. Namijin zai shiga ya share shi tas, ya zauna da wutsiyarsa a waje yana jiran mace. Idan ta shiga ta zuba ƙwai, za ka haska da tocila ka ga dunƙule mai ruwan lemo manne a can ciki, daga nan kuma aikinta ya ƙare. Shi ne zai kwanta a kansu yana kaɗa musu ruwa da fikafikansa dare da rana, kusan ba ya fita cin abinci, kamar kaza a kan ƙwai. Cikin kwana 5 zuwa 7 sukan ƙyanƙyashe, kowane ɗa ɗauke da jakar gwaiduwa a cikinsa wadda za ta ciyar da shi wasu kwanaki kafin ya fito. Ina roƙonka ka rage haska kogon, domin namijin da aka dama yana iya turo ƙwan waje. Kada kuma ka manta da guntun busasshen itace da aka jiƙa ya nutse, saboda suna kankararsa, 'ya'yan ma a jikinsa suke samun abincinsu na farko.

Tambaya: Ni uwa ce a Dadin Kowa, yarana ne suka sa na sayi oto guda shida a sabon akwati. Kafin mako biyu huɗu sun mutu, mai shagon kuma ya ce laifin ruwana ne. In sake saya?

Amsa: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Ki dakata tukuna, kada ki sake saya sai akwatin ya yi aƙalla wata biyu zuwa uku yana aiki.

Maganar mai shagon tana da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗa miki ita duka ba. Sabon akwati yana da matsala biyu ga wannan kifi. Ta farko, kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce, kuma ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, su ne ke sauya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Ta biyu, gilashin da aka wanke fes ba shi da abin da oto zai ci. Abincinsa shi ne gansakuka mai laushi, kore ko ruwan ƙasa, da santsin nan da ke taruwa a jikin ganye da itace, kuma kifi ne da ke kiwo kusan yini duka. Ga shi ya riga ya sha yunwa tun daga inda aka kamo shi har ya iso Jos. Saboda haka da yawa daga cikinsu yunwa ce ke ƙarasa su, ko da ruwan ba shi da laifi.

Ranar da za ki koma saye, ki tsaya ki duba cikin kifin lokacin da ya manne a gilashin gaba. Mai lafiya cikinsa a ɗan kumbure yake, fari, a zagaye. Wanda cikinsa ya lotsa ciki ki bar shi ko da kyauta ne. Ki tambayi ranar da kayan suka iso, ki zaɓi waɗanda suka yi mako biyu a shagon suna raye, ko da za a ƙara miki kuɗi. Ki saye su shida ko fiye, domin a garke suke rayuwa, kuma na kaɗaici yakan ɓuya ya ƙi kiwo.

Wajen abinci, mu a Jos ba mu da uzuri, tunda kayan lambu a ƙofar gida suke. Yankan kokwamba, ko kabewa, ko ganyen alayyafo da aka tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu ya yi laushi, duk suna ci. A wanke su sosai, a feƙe bayan kokwambar saboda maganin feshi, a soke ta da cokali mai yatsu domin ta nutse, a kuma cire ragowar kafin ta kwana biyu. Akwai wata dabara da yaran za su ji daɗinta: a zuba 'yan duwatsu masu santsi a roba da ruwa a ajiye a rana, idan sun yi kore a riƙa saka ɗaya a akwatin ana musanyawa. Ki guji duk maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe, kuma ranar da za a fesa maganin sauro a ɗakin, a rufe akwatin a kashe injin da ke hura iska cikin ruwan har warin ya fita.

Idan biyun da suka rage sun murmure, kika ƙara musu 'yan'uwa, wata rana za ki iya ganin maza suna bin wata mace mai faɗin ciki, sannan ki ga ƙananan ƙwai manne a bayan ganye ko a gilashi. Oto ba ya gadin ƙwansa, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma 'ya'yan ba su rayuwa sai a tsohon akwati mai yalwar tsirrai da gansakuka, wanda babu wasu kifaye da za su tsince su.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Bukuru, kuɗina ba su da yawa. In sayi babbar matata mai lantarki, ko hita, ko in tara in sayi inbata?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da hita da ma'aunin zafi, sannan matatar soso mai aiki da ƙaramin injin iska. Babbar matatar ka manta da ita.

Wanda ke kiwon waɗannan kifaye a Legas ko Abuja yana iya yi ba tare da hita ba, amma Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yana sauka ƙasa da digiri 15. Su kuwa ruwa mai digiri 23 zuwa 26 suke so. Abin da ya fi cutar da su ma shi ne hawa da sauka, ruwa ya yi ɗumi da rana ya yi sanyi ƙarara kafin asuba, domin a nan ne cutar fararen ɗigo ke samun ƙofa, ƙwai kuma su lalace. Ƙa'idar da ake bi ita ce kimanin wat ɗaya ga kowace lita, amma a hunturun Jos na fi son ka ɗan ƙara, ka sayi mai wat 75 zuwa 100 ga lita 60, mai kashe kanta idan zafi ya kai inda ka saita. Kada ka bar ta a kunne lokacin da kake rage ruwa, domin gilashinta yana fashewa idan ya fito sarari da zafi.

Na san tambayar da ke ranka ita ce me zai faru idan an ɗauke wuta. Ruwa ba ya saurin hucewa idan an killace shi. Ka nemi farin soson nan da ake naɗo firij ko talabijin a ciki, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin akwatin, ka manna a baya da gefuna biyu, ka yi masa murfi, da dare kuma ka yafa masa bargo. Ka nisanta shi da taga. Idan dare ya yi tsanani, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi ka rufe ta ka saka ta yi yawo a ciki, amma kada ka taɓa zuba ruwan zafi kai tsaye.

Idan an ɗauke wuta, iska ta fi zafi gaggawa. Ƙwayoyin da ke cikin matata suna buƙatar ruwa mai gudana, kuma idan babbar matata ta tsaya na sa'o'i da yawa suna iya mutuwa, sai ta watso gurɓataccen ruwa idan wuta ta dawo. Matatar soso a buɗe take a cikin ruwa, ba ta zuƙe 'ya'yan kifi, su ma a jikinta suke kiwo, kuma akwai injin iska mai wat biyu ko uku da ke aiki da batirin cajin waya. Wannan zai riƙe ka har ka tara kuɗin inbata. Idan za ka wanke soson, ka matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin, domin kulorin na ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin.

Kowane mako ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Na famfo ya kwana a buɗe ko ka saka masa maganin cire kulorin, na rijiyar burtsatse ma ya ɗan sha iska. Masu hayayyafa sukan zuba sabon ruwa da ya fi na akwatin sanyi da digiri 2 ko 3 domin ya yi kama da saukar damina, wanda ke motsa kifin ya yi ƙwai. A Jos sai an yi hattara da wannan dabara, saboda ruwan da ya kwana a bokiti da hunturu ya wuce wannan sanyin nesa ba kusa ba. Ka auna kafin ka zuba.

Tambaya: Ina kiwon tarwada a wajen Mangu. Allurar da muke yi wa mace domin ta saki ƙwai za ta yi a waɗannan? Zan iya ba su abincin tarwada?

Amsa: Alhaji, allura ba ta da gurbi a nan. Tarwada ce ba ta cika yin ƙwai da kanta a tafkin kiwo ba, shi ya sa ake yi mata allura a tatse ta. Waɗannan kuwa da kansu suke yi idan ruwa da abinci sun yi daidai, kuma jikinsu ya yi ƙanƙanta da allura. Abincin tarwada ya cika furotin na nama da mai, su kuma hanjinsu dogo ne da ya dace da ganye, don haka yawan ba su shi yana kumbura musu ciki. Ƙwaya ɗaya ko biyu sau biyu a mako ga Ancistrus da ake shirya wa hayayyafa ba laifi, amma ginshiƙin abinci ya kasance kayan lambu da ƙwayar abincin kifi da aka yi da gansakuka, mai nutsewa.

Tunda kana da tafkuna, ina roƙonka da babbar murya kada ka saki ko ɗaya daga cikin waɗannan baƙin kifaye a tafki, ko rafi, ko madatsar ruwa. A Filifins da Meziko da jihar Fulorida ta Amurka, manyan fileko da aka saki daga gidaje sun mamaye koguna, suna rarake gaɓa da ramukansu, suna kuma cika komar masunta da kifin da ba shi da kasuwa. Idan 'ya'yan Ancistrus sun yi maka yawa, ka raina su har su kai santimita 3 zuwa 4, sannan ka kai wa masu shagon kifin ado a Jos ko Abuja, ka kuma yi magana da su tun kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe domin ka san adadin da za su iya karɓa.