Amsa: Shin bakteriya na iya mai da garin katako abu mai daraja?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko garin katakon da masu yankan katako ke tarawa a Legas zai iya zama ƙamshin banila ta hanyar bakteriya. Zai iya, amma ba a cikin duro a bayan gida ba.

Matsalar ita ce liginin, sinadarin da ke sa itace tauri, wanda ya kai kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na katako. Sai an fara farfasa shi da zafi, ko sinadarai, ko wasu nau'ukan fangas. Ƙananan gutsattsarin ne bakteriya irin su Pseudomonas putida ke haɗiyewa, su juya su mataki-mataki. Ga inda mutane ke kuskure: bakteriyar da ke cikin ƙasa ba ta tsayawa a banilin (sinadarin da ke ba da ƙamshin banila), cinye shi take yi gaba ɗaya. Shi ya sa masana ke gyara ƙwayoyin halittarta don ta tsaya a banilin, ko a asid ɗin mukonik da ake iya kaiwa ga nailan.

Ka guji katakon da aka sa wa maganin gara. In da gaske kake, je sashen nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Legas a Akoka, ko Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya (FIIRO) a Oshodi.